Yayata da Hotunan Yumɓu

Mun binne yayata ranar Talata, dawa tana gab da nuna. Ban yi kuka a bakin kabari ba. Tsayawa na yi ina kallon masu kuka, ina tambayar kaina ko rabinsu za su zo ranar tawa. Tsohuwar da ta goya ni tana kwance cikin tabarma, ni kuwa ina kishin gawarta. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da ke riƙe da alƙalamin.

Mutane sun zo daga Manga, wasu tun daga Dirin Daji a ƙafa. Wani Bahaushe musulmi mai fataucin tukwane a kasuwar Zuru ya zauna can gefe a kan dutse har muka gama addu'o'inmu, sannan ya matso ya ce, "Kofur, Allah ya ba ku haƙuri. Shekara da shekaru ina ɗaukar tukwanenta, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba." Matar ɗanta ta zauna kusa da ramin da ake kwaɓa yumɓu, aka yi aka yi ta ƙi tashi. Yara kuwa ba wanda ya kira su, amma sun cika tsakar gida. Waɗanda suka ɗan tasa su suka fi kuka, ƙananan suna kuka don sun ga yayyensu na yi. Da aka watse, mai bisharar ikilisiyarmu ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne mai alƙalami a gidan. Ka rubuta wani abu, kada a manta da ita."

Karatuna ba shi da zurfi. A bariki na koyi boko wajen wani saje, Hausar ma a can na ƙarasa ta. Zan rubuta yadda na iya.

Uwarmu ta rasu ina rarrafe, yayata ce ta ɗauke ni. A bayanta na fara ganin duniya, ina leƙen hannunta ta kan kafaɗa tana gina tulu. Matan gidanmu maginan tukwane ne tun kaka da kakanni, kuma ba tukwanen girki kaɗai ba. A ƙasarmu, idan babban mutum ya mutu, akan gina tukunya mai siffar mutum ko dabba a kanta, a gasa ta sosai, a ɗora a kan kabarinsa. Wannan aikin ba kowane gida ke yinsa ba, kuma a zamaninta babu mai hannu kamar yayata. Ranar da ta karɓi bangaskiya ta bar shi. An kawo mata akuya har gida don ta yi wa wani tsohon ɗan kokawa tukunyar kabari, ta ba ɗan aiken ruwa ya sha, ta ce ya gaida mutanen gida, ya koma da akuyarsa.

Tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Duk abin da ya zo hannunta sai ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ta kasa kunne, yadda ake gwada tukunya. Ƙwarya, kabewa, ƙofar majami'a, har kan yara. Takan ƙwanƙwasa kan yaro ta ce, "Wannan bai gasu ba tukuna," yaron ya ruga yana dariya. Ni ma da na dawo daga soja da igiya biyu a hannun riga, ina tafiya ƙirji a gaba, abin da ta fara yi mini ke nan a gaban jama'a. Ta saurara ta ce, "Ya yi ƙara, amma ban san ko akwai abu a ciki ba." Tun daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba sai Kofur.

A ikilisiyarmu mu biyu ne kawai muke karatu, ni da mai bishara, don haka aka ba ni yara ranar Lahadi. Ba mu da littafin yara. Abin da na tuna daga wa'azi shi nake maimaita musu, su kuma suna zaune layi-layi kamar a filin fareti. Ina jin daɗin abin ƙwarai. Iyaye na ce mini malam, kuma ban taɓa hana su ba.

Shekara huɗu da suka wuce baturiyar mishan ta aiko mai bishara da littattafai biyu, ta ce mu duba mu riƙe ɗaya don yara, mu mayar da ɗayan. Muka zauna gindin ɗorawa bayan sujada. Ɗaya siriri ne, da Hausa mai sauƙi, labarai kaɗan da aka tsinto, kowane labari da hotonsa mai launi. Ɗayan kuwa Littafi Mai Tsarki ne cikakke, baƙin bango, rubutu ƙanana, babu hoto ko ɗaya. Ina buɗe siririn na ji na kamu. Abin da na gani a zuciyata shi ne kaina a tsaye na ɗaga shi sama, yara sun kewaye ni baki buɗe. Na ce wa dattawa ai babu abin shawara a nan, yaro da ido yake karatu.

Mata ba su cika magana a irin wannan zama ba, amma yayata ta miƙo hannu aka ba ta duka biyun. Ta auna su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta ƙwanƙwasa kowanne.

Ta ce, "Kofur, wannan ya ƙoshi, wannan kuwa yunwa yake ji. Ina aka kai sauran namansa?"

Na ce, "Yaya, an cire abin da ya fi ƙarfin yara ne."

"Wa ya cire?"

"Waɗanda suka fi mu sani."

"To duba mini a cikin siririn. Akwai mutumin nan da ya yi golmo?"

Golmo shi ne aikin da saurayi ke yi wa surukansa shekara bakwai kafin a ba shi mata. Ta taɓa jin mai bishara ya karanta labarin wani da ya yi wa kawunsa kiwo shekara bakwai don 'yarsa, aka yaudare shi, ya sake yin bakwai. Na juya shafuka daga farko har ƙarshe, na ce babu.

Ta ce, "Littafin da babu golmo a ciki, ta yaya 'ya'yanmu za su san Allah ya san da mu? Za su ɗauka labarin mutanen wata ƙasa ne."

Babban dattijonmu, wanda haƙoransa suka ƙare, ya ce, "Ni ma sai da surukina ya ƙara mini biyu, kuma ba wanda ya rubuta." Aka fashe da dariya, ni kaɗai ban yi ba.

Mai bishara ya ce, "Mama, maganarki gaskiya ce, amma ƙananan nan ko Hausa ba su gama ji ba. Ba hoto, ba za su zauna ba. Da akwai cikakke mai hotuna da shi za mu roƙa, amma ba a aiko da irinsa ba."

Ta ce, "Ku riƙe babban. Hotuna ni zan yi. Ƙanina ya karanta mini, ni in gina."

Haka aka yanke. Na koma gida ban yi wa kowa sallama ba.

Kowace Alhamis da la'asar sai in ɗauki babban littafin in je gidanta. Ina zaune a kan turmi ina karantawa, tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, yumɓu a cinya. Ba ta yarda in tsallake ko jerin sunaye. Takan tsayar da ni: "Jakin nan namiji ne ko mace?" "Rijiyar da suka jefa shi, da ruwa ko busasshiya?" Idan na ce littafi bai faɗa ba, sai ta ce, "To sake karantawa a hankali, wataƙila ya faɗa kai ne kake sauri." Kafin rana ta faɗi, ga mutane kamar tsawon yatsa sun jeru a faifai, da tumakinsu da tulunansu. Fuskokinsu irin namu ne. Surukin mai yaudara ta yi masa ƙaton ciki, kowa ya gane wanda ta kwaikwaya a ƙauyen.

Abu ɗaya na lura da shi tun makon farko: ba ta gasa su. A inuwa take shanya su kawai, don haka suna saurin karyewa. Na ce mata me zai hana ta sa su a wuta tare da tukwane. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni.

Ta ce, "Abin kabari ake gasawa, don ya daɗe a wurin, mutane su riƙa zuwa gabansa. Waɗannan ban so su daɗe. Yaro ya gani, ya riƙe labarin, ruwa ya mayar da su ƙasa. Ka ji ko, Kofur? Da gangan ne."

Na ce na ji. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin na ji ɗin da kunnena.

Ranar Lahadi ni nake fara karantawa da Hausa, sannan ita ta buɗe kwandonta ta ba da labarin da C'lela, yarenmu, tana tafiyar da mutanenta a kan tabarma. Ina karatu yara na tsokanar juna, suna kama fara. Tana taɓa murfin kwando sai wuri ya yi tsit. Layin da na sha wahalar koya musu ya rushe, kowa na son gaba. Yaran da iyayensu ba masu bi ba ne suka fara leƙowa ta bayan danga, daga baya suka shigo. A ƙauye ba a ƙara cewa yaro ya tafi wajen malam ba, sai dai ya tafi wajen Kaka.

Wata Lahadi ina tsakiyar karatu, jikata ta cikina, 'yar shekara biyar, ta ja mini wando ta ce, "Baba tsoho, yi sauri ka gama, Kaka ta fara." Uwaye da ke tsaye suka yi dariya. Na yi dariya tare da su, amma ba har zuci ba. Da baturiyar ta kawo ziyara, ta durƙusa a kan tabarma ta daɗe tana juya wani ɗan raƙumi a hannu, ta kama hannun yayata biyu-biyu. Ni ta ce mini sannu da ƙoƙari, tana hanyar fita.

Alhamis ɗin da ta biyo na je da faɗa a baki. Ta tsayar da ni a kan wata tambaya, na rufe littafin da ƙarfi na ce, "Ke da ba ki san baƙi ko ɗaya ba, ke za ki koya mini karatu? In ban buɗe baki ba, me za ki gina?"

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ba komai. Shi ya sa nake jiranka kowace Alhamis." Ta ci gaba da murza ƙafar wata tunkiya, can ta ce, "Kofur, yaran nan ba ƙarewa za su yi ba. Kowace damina ana haifo sababbi. Sun ishe mu mu biyu."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ƙarshen rani wani jariri ya rasu a gidan maƙwabcinmu. Bayan kwana biyu ina wucewa ta bayan gidan na ga ɗan ragon yumɓu a kan ƙaramin kabarin. Yayar jaririn ce, yarinyar da ba ta wuce shekara shida ba, ta ɗauko shi daga kwando ta kai wa ƙaninta don ya yi wasa. Duk mai hankali zai gane haka. Ni da na gani, daɗi na ji. Na ɗauke shi na sa a aljihu, ban nufi gidan yayata ba, na nufi gidan mai bishara.

Dattawa suka zauna, kuma tsoronsu na gaskiya ne. Dukansu daga bautar kakanni suka fito, sun san abin da siffa a kan kabari take nufi a ƙasar nan, kuma waɗanda ba masu bi ba sun fara cewa ashe mun dawo hanya. Aka kira yayata. Mai bishara, wanda ba ɗan ƙasarmu ba ne, ya tambaye ta cikin ladabi ko waɗannan siffofi iri ɗaya ne da na kabari.

Ta ce, "Ku tambayi ƙanina. A gidan ya tashi, kuma ya sani."

Duk suka juyo gare ni. Kalma uku za su wadatar: ba ta gasawa. Kowane dattijo a wurin zai fahimci bambancin nan take. Na dubi ƙasa na ce, "Hannu ɗaya ne, yumɓu ɗaya ne."

Babu ƙarya a cikin kalmomin, amma ƙarya na yi. Ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da take yi wa tukunyar da ta fito daga wuta da tsaga. Tana iya kare kanta, amma yin haka zai nuna wa jama'a ƙaninta maƙaryaci ne. Ta gyara zanenta ta ce, "Yadda dattawa suka gani."

Aka yanke cewa a daina siffofin. Tun da yara ba sa zama babu hoto, a roƙi baturiya ta maido da siririn littafin, babban kuma ya koma wajen manya. Ni aka sa in kwashe kwandunan. Uku ne. Na juye su a bayan majami'a, kuma ruwan farko na shekarar ya yi abin da ta ce zai yi.

Na samu abin da nake so. Na ɗaga littafin sama, yara suka kewaye ni baki buɗe. Haka aka yi Lahadi kaɗan. Kafin a yi girbi mun kai bango, muka koma farko. A zagaye na biyu suna riga ni faɗin ƙarshen labari. A na uku manyan suka fara cewa an aike su korar tsuntsaye a gona. Wani ya tambaye ni me ya faru da mutumin da ya tsira a jirgi daga ruwan tufana bayan ya sauka, na ce littafi bai faɗa ba, alhali na san babban ya faɗa.

Ita kuwa ba ta fasa zuwa sujada ba ko sau ɗaya, kuma jikokinta su ne na farko a ajina kowace Lahadi, ita take koro su. Da randar gidana ta fashe a daminar da aka yi hukuncin, ban gaya mata ba. Na dawo daga gona na tarar da sabuwa a gindin rumbu, har an cika ta da ruwa. Na sha ruwan randar nan shekara uku ban je na ce na gode ba, don na san idan na buɗe baki a gabanta wata maganar ce za ta fito. Muna gaisawa, muna zuwa biki da makoki tare, amma Alhamis ta zama rana kamar kowace rana.

Da ciwo ya kwantar da ita a daminar bana, ta aiko matar ɗanta da safe ta ce in aro babban littafin in zo. Na same ta ta rame, an jingina ta da bango. Ta ce, "Ci gaba daga inda muka tsaya." Na ce na manta wurin. Ta ce, "Inda aka naɗa ɗan autan nan mai kiwo sarki, yayyensa na tsaye suna kallo." Na nemo, wurin ne daidai. Ko rabin littafin ba mu kai ba.

Na yi mata karatu safiya tara. Idonta a rufe, amma yatsunta na motsi a kan bargo, suna murzawa, suna dannawa. Kowace safiya ina fitowa daga gida da maganar neman gafara a bakina, kowace safiya ina komawa da ita. A ta ƙarshe, da na rufe littafin, ta buɗe ido ta ce, "Kofur, ka iya karatu fa. Muryarka tana sa in ga abin. Ban taɓa gaya maka ba ko?"

Na ce ba ta taɓa ba.

Ta ce, "To laifina ne wannan."

Ita ce ta nemi gafarata. Na tashi na fita, na tsaya a bayan rumbu. Washegari ta daina magana.

Lahadin da ta wuce, bayan sujada, na roƙi dattawa su tsaya, na faɗa musu duk abin da na rubuta a nan. Mai bishara ya ce, "Kai muka tambaya don kai ka sani." Babban dattijo ya ce, "Ba ta gasa ba? Kai, Kofur. Kai, Kofur." Suka janye hukuncin, suka ce babban littafin ya koma wajen yara. Aka kira matar ɗanta aka tambaye ta ko za ta ci gaba da siffofin. Ta ce tulu da randa ta koya, amma tun ranar hukuncin tsohuwa ba ta sake gina ko kan kaza a gabanta ba, don kada ta jawo mata magana. Babu wata a ƙauyen da ta iya.

Na roƙa a sauke ni daga ajin yara. Suka ƙi. Mai bishara ya ce babu wani mai karatu, kuma ko da akwai, ni ya kamata in zauna a gabansu.

Saboda haka ina da roƙo ga duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, a mishan ko a bariki ko a birni. Idan akwai inda aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke, ba tsintattun labarai ba, da Hausar da ƙaramin yaro zai ji, da hotuna a ciki, a aiko mana da labari Zuru. Idan ba a yi ba tukuna, masu yi su sani akwai yara a kan duwatsun nan da suka taɓa samun irinsa na 'yan watanni, wani tsohon soja ya raba su da shi.

Ubangiji ya ba yayata hutawa a wurinsa, ya ta'azantar da 'ya'yanta da jikokinta da duk yaran da ta ƙwanƙwasa wa kai. Ni kuma ku sa ni a addu'a. Jibi Lahadi ce, zan buɗe babban littafin a gaban yara, kuma idan na gama karantawa za su jira abin da zai biyo baya.